Zayyanar Wanda Bai Sauke Ba

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya halicci ido ya ba shi gani, ya halicci hannu ya sanar da shi riƙon alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa. Ba don kowa nake wannan rubutu ba. Amma idan bayan raina wani daga zuriyata ya buɗe shi, ina yi masa sallama, kuma ina roƙonsa ya karanta da idon rahama.

Yau bayan la'asar Najiba ta zo gaishe ni. 'Yar aminina ce marigayi, kuma na koyar da ita Larabci a kwaleji kafin in yi ritaya. Yanzu Dokta ake ce mata, a nan kwalejin take koyarwa, amma har ƙasa ta durƙusa a zaure kamar yadda ta saba.

Bincike take yi a kan gidajen da suka rasa mutane a shekarun fitina. Bara ta raba takardun tambayoyi a unguwannin Yerimaram da Dogo Tebo da Yindiski. Ta ce, "Baba Malam, duk takardar da na buɗe amsa ɗaya ce: Alhamdulillahi, mun yi haƙuri." Na ce mata ai wannan ita ce amsar mumini. Ta ce, "Haka ne, Baba. Amma matar da ta ba ni wannan amsa, har yau ba ta iya bi ta layin da abin ya faru. Zagaye take yi."

Yanzu wata hanya take so ta bi. Za a tara mutanen, a ba su takarda da launi da ƙyalle, kowa ya yi abin da hannunsa ya ga dama. Masu binciken ma za su zauna a tabarma ɗaya da su, su ma su zana. Kuma mai zane shi zai faɗi ma'anar zanensa, ba malamin kwaleji ba. Matsalarta ita ce mutane suna tambaya ko zane halal ne. Tana so in shiga kwamitin shawara.

Na ce zan yi istihara.

Ta san gidana yana cikin waɗannan gidaje. Ba ta faɗa ba, ban faɗa ba. Allah ya yi mata albarka.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na halarci zaman kwamitin. Rabona da shiga harabar kwalejin an daɗe. Itatuwan maina da aka dasa a gabana sun rufe rufin ofis.

An yi gardama. Wani malami ya ce wannan ba bincike ba ne, wasan yara ne, ina ƙididdiga? Najiba ta ce masa ƙididdigar tana nan cikin akwati, kowa ya yi haƙuri ɗari bisa ɗari, in yana so ya ɗauka ya buga. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Da aka zo kaina na faɗi abin da na sani. Malamai sun yi saɓani a kan surar mai rai, kuma ni na zaɓi abin da ya fi kuɓutar da mutum: kada a zana fuska, kada a zana cikakkiyar halitta mai rai, mutum ko dabba. Na ƙara da sharuɗɗa. Mata su zauna daban. Kada a tilasta wa kowa magana. Duk abin da mutum ya yi nasa ne, ba a rataye shi ko a ɗauki hotonsa sai da izininsa.

Malam Zulkifli, malamin zane, wanda shi zai kula da kayan aiki, ya kama haɓa ya ce, "Allah gafarta Malam, ka ɗauke mutum, ka ɗauke dabba. Me ka bar mana? Kujeru?" Na ce masa ya yi ta zana kujeru har Allah ya buɗa masa.

Da muka fito ya raka ni bakin titi. Yana tsayar mini da napep ya ce, "Allon saukata kai ka yi mini zayyanarsa, Malam. Yana nan a ɗakin tsohuwata, ko launi bai dishe ba." Na ce na daina wannan aiki. Ya ce ya sani.

Asabar, 12 ga Yuli

An yi ruwa mai ƙarfi. Katangar bayan gida tana son gyara.

Asabar, 19 ga Yuli

Zama na farko. Na je ɓangaren maza don in ga an kiyaye sharuɗɗa. Dattawa da samari, kowa da takarda a gabansa, kowa yana kallon ɗan'uwansa kamar an kawo abinci ana jiran wanda zai fara sa hannu. Sai da Zulkifli ya zauna a ƙasa ya zana wani takalmi karkatacce, ya ce na wansa ne, sannan aka fara.

Ba a saɓa wa sharaɗina ba. Huluna na gani, da kekuna, da buta, da ƙofar shago a kulle. Wani ya zana kwanon shayi biyu. Ban taɓa zaton kwano zai hana ni kallonsa ba.

Aka miƙo mini takarda, na ce ni mai sa ido ne.

Da na koma gida Hajjo, uwargidana, ta kawo mini abinci, ta zauna nesa kaɗan. Ta ji labarin zaman a wurin matan unguwa. Ta ce, "Malam, in ka yarda, Asabar mai zuwa zan je." Shekaru ke nan ba ta nemi zuwa ko'ina ba in ba gaisuwar mutuwa ba. Na ce me za ta yi a can, ita da idonta ke damunta? Ta ce, "Zan zauna."

Na yarda. Ba ni da hujjar hanawa, tunda ni na sa sharuɗɗan.

Laraba, 23 ga Yuli

Na kai Hajjo asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ci. Na hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin ƙofa. Maganin ɗigawa zai jinkirta, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na tambaye shi tsawon lokacin da ya rage, ya ce Allah ne masani, amma duk abin da take son gani kada a ja mata rai.

Da muka zo kwanar gida ta ce, "Launi ina gani, in an matso da shi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ka sa kaffara ce.

Asabar, 26 ga Yuli

Ta je, ta dawo. Ba ta ci abincin rana ba.

Najiba ce ta kira ni ta waya bayan magariba, tana ba da haƙuri. A zaman mata, kafin a fara, kowace takan ambaci sunan wanda ta zo dominsa, sauran su ce Allah ya ji ƙansa. Da aka zo kan Hajjo ta yi shiru. Wata yarinya daga masu taimaka wa binciken, da ba ta san al'ada ba, ta ce, "Mama, sunansa fa?" Hajjo ta rufe fuska da mayafi.

Wanda ta je dominsa ɗanmu ne na fari. Hajjo Bafillatana ce, kuma ni ma a cikin wannan kunya na tashi. Shekaru muka yi muna jiran haihuwa kafin Allah ya ba mu shi, amma tun ranar suna har ranar da aka shigo da shi a kan makara, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ni kuma "kai" ya ishe ni. Yana raye, kunya ce mai daɗi, yakan tsokane ta ya ce, "Inna, wane ne wancan? Ni ba ni da suna?" ta jefe shi da mafici. Da ya tafi, na ce a gidan nan ba kuka, ba yawan ambato, addu'a kawai. Kowa ya bi. Ƙannensa mata suka yi aure suka tafi da nasu shirun.

Na ce wa Najiba ba laifin kowa ba ne. Ta ce ta soke wannan ƙa'ida ta ambaton suna, kuma za ta rubuta a bincikenta cewa kuskurenta ne. Wannan ya burge ni. A zamaninmu mai bincike ba ya rubuta inda ya yi tuntuɓe.

Lahadi, 27 ga Yuli

Da hantsi ina karatu a zaure, Hajjo ta leƙo ta ce in shigo. Na tarar ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora wani abu naɗe da zanenta na aure. Tun kafin ta warware na gane shi daga tsawonsa.

Allon yaron nan ne. Ni na sa aka sassaƙo shi, ni na goge shi da hannuna har ya yi santsi, na shafe shi da farar ƙasa, na ajiye don ranar saukarsa. Karatun boko ya ja masa lokaci, amma ya riƙe na allo bai saki ba. Ya shiga Baƙara, surar da ake sauka a kanta, ya yi nisa a cikinta. Har mun fara maganar ragon walima.

Na ɗauka an bayar da allon tuntuni. Ashe yana ƙasan akwatinta.

Ta ce, "Matan nan kowace ta yi abinta. Ni ba na gani balle in zana. Wannan nake so a yi. Kai ne mai yi."

Na yi mata bayani a hankali. Zayyana ba ado ba ne kawai. Shaida ce. Allon da aka yi wa zayyana yana faɗa wa duk wanda ya gan shi cewa mai shi ya sauke Alƙur'ani, ya karanta a gaban malamai, an shafa fatiha. Tun da na koyi aikin a hannun malamina ban taɓa ɗora launi a allon wanda bai kai ƙarshe ba, ko ɗan wane ne. An taɓa roƙona, na ƙi. Yaron bai sauke ba. In na yi, na yi shaidar zur da hannuna, kuma a kan Littafin Allah.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Saura kaɗan fa, Malam."

Na ce kaɗan ɗin ne ba nawa ba ne in cike.

Ta naɗe allon. Hannunta yana laluben bakin zanen, bai same shi ba sai a karo na biyu.

Talata, 29 ga Yuli

Ba ta yi fushi ba. Da ma fushin ta yi.

Juma'a, 1 ga Agusta

Na sake duba mas'alar, ko zan sami ƙofa. A littattafai babu hukuncin zayyana, domin al'ada ce ta makarantunmu, ba farilla ba, ba sunna ba. Amma abin da mutane suka san ma'anarsa, ma'anar tana binsa. Duk wanda ya ga allon zai ce, ashe ya sauke. Ni kuma na san bai sauke ba.

Na tabbata ina kan daidai. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa daidai ɗin bai ba ni natsuwa ba.

Bayan sallar Juma'a na tsaya na yi masa addu'a kamar kullum. "Allah ka ji ƙan yaron nan." Allah ya san wanda nake nufi.

Asabar, 2 ga Agusta

Hajjo ta tafi zaman da allon a ƙarƙashin mayafi. Na gani.

Da yamma Zulkifli ya zo da kansa. Ya ce Hajjo ta roƙe shi ya yi mata zayyanar, ko yaya ta fito. Ya ce, "Wallahi Malam ko taɓa shi ban yi ba. Na ce mata ni kujeru aka ba ni izini." Ya so in yi dariya. Na gode masa.

Ya ce a ƙarshen wata za a baje ayyukan a ɗakin taro na kwaleji, a gayyaci iyalai da malamai, kuma Hajjo ta ce in ba a sami mai yi ba a rataye allon haka nan, fari. Najiba ta ce mata allon nata ne, yadda ta ce haka za a yi.

Sharaɗina ne wannan. Ni na ce duk abin da mutum ya kawo nasa ne.

Fari, a gaban mutanen garin nan, waɗanda rabinsu allunan saukarsu daga hannuna suka fito.

Laraba, 6 ga Agusta

Yau ta zuba mini shayi ya wuce bakin kofi. Ta ce hankalinta ne ya tafi wani wuri. Na ce haka ne.

Asabar, 9 ga Agusta

Na koma zaman maza. An saba yanzu, har ana gardamar wanda ya ɓoye jan launi. Najiba ta aiko da tambayoyi uku kacal, kuma ba a rubuce ba; Zulkifli ne yake yi wa mutum a hankali in ya gama: me ka yi, me ya sa, me kake so a faɗa wa waɗanda ba su zo ba. Wanda ba ya son amsawa a ƙyale shi. Na lura wanda ya fara da "babu komai" yakan ɗauki rabin zaman yana magana.

Alhaji Joda yana nan. Tare muka yi ƙuruciya. Shi ya bi shanu har ya zama babban dillali, ni na bi allo. 'Ya'yansa biyu suka tafi rana ɗaya. Ya kira ni da hannu, ya ce, "Malam Yunus, zo ka duba ko na yi haram."

Igiya ya zana, doguwa, daga wannan gefen takarda zuwa wancan, da zarge-zarge a jikinta. Dangwali, wanda ake ɗaure maruƙa a jere. Ya cike kowane zarge da baƙin launi, ya bar biyu a buɗe.

Na ce babu haram a ciki. Ya ce, "Da ka bar ni, maruƙa zan zana, kuma da sun fito kamar karnuka. Gara da ka hana." Ya yi dariya har da tari. Sai ya sa yatsa a kan zargen nan biyu ya ce, "Uwarsu ta ce in cike su, wai ba kyan gani. Na ce a'a. Haka abin yake."

Ya tambaye ni ni me na zana. Na ce ni mai sa ido ne. Ya ce, "To sa idon da kyau, tsoho."

Lahadi, 10 ga Agusta

Haka abin yake.

Tun jiya maganar nan take bina, har cikin alwala.

Talata, 12 ga Agusta

Na buɗe tsohon kwandon kayan aikina, don in ga ko asu ya ci. Ba don wani abu ba. Kurtun tawada ya bushe ƙaƙas. Alƙaluman sun tsage, sai dai a fere sababbi. Ƙaro yana nan da sauransa.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na je kwaleji na sami Najiba a ofis. Na ce mata tambaya na zo yi a matsayin ɗan kwamiti. Idan mutum ya kawo aikin da bai kammala ba, kuma da gangan ya bar shi haka, za a karɓa? Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Baba Malam, mu ba ma duba kyau ko kammala. Abin da muke roƙo kawai kada mutum ya faɗi abin da ba haka yake a zuciyarsa ba."

Na ce wannan sharaɗi ne mai kyau, da ni na kawo shi.

Ta ce akwai abin da yake damunta. Tana tsoron ta tono wa mutane ciwo, ta rubuta takardarta, a ƙara mata girma, su kuma a bar su da ciwon a buɗe. Ta ce wani lokaci takan ji kamar ta tattara ta daina. Na ce mata wannan tsoro kada ta rabu da shi, shi ne zai tsare ta. Na ba ta shawara kada zaman ya mutu ranar da bincike ya ƙare. A bar wa mutanen tabarmi da launi, su ci gaba in sun so. Ta rubuta.

A hanyar fita na karɓi ja da rawaya da kore a wurin Zulkifli. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa katangar bayan gida zan yi wa alama. Ya ce, "Allah ya ba katanga lafiya, Malam."

Asabar, 16 ga Agusta

Da Hajjo za ta tafi zaman na ce ta bar allon a gida, damina ce, kada danshi ya kama shi. Ta ajiye shi a kan buzuna, ta fita ba ta tambaye ni komai ba.

Na auna da zare. Na fitar da gidajen zayyanar. Layin farko ya karkace, na goge, na sake.

Ga abin da na yanke, kuma na rubuta shi a nan domin kada wani ya ce Malam Yunus ya canza fatawa. Ban canza ba. Zayyanar sauka tana kewaye allo ta rufe, ƙarshenta ya haɗu da farkonta, a tsakiya kuma a rubuta abin da mai sauka zai karanta a gaban jama'a. Wannan ba za ta rufe ba. Zan taso daga ƙasa in hau, yadda karatu yake hawa, in tsaya daidai gwargwadon inda ya tsaya. Kusurwar sama ta hagu za ta zauna fari. Tsakiya ma ba zan rubuta abin karantawa ba, tunda ba a karanta ba. Duk almajirin da ya san aikin, kallo ɗaya zai yi ya gane: wannan ya kusa, bai kai ba.

Ba shaidar zur a ciki. Haka abin yake.

Laraba, 20 ga Agusta

Kullum bayan an yi sallar walaha nake zama, lokacin da haske ya fi kyau. Na rufe ƙofar zaure.

Ina cikin jan layi sai na tuna yadda yake zama a gefena yana dama mini tawada yana ƙarami, yana tambaya me ya sa ba a sa shuɗi. Na ce masa haka muka gada. Ya ce, "To nawa a sa mini." Na ce sai ka sauke tukuna.

Na aika wa Zulkifli a kawo shuɗi.

Na dakata da aiki yau. Idona ne yake ruwa. Ƙila ƙaurin ƙaro ne.

Juma'a, 22 ga Agusta

Hajjo ta daina tambayar me ya sa nake rufe zaure. Amma abincin rana a bakin ƙofa take ajiyewa, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, ta koma. Jiya na ji ta daɗe a tsaye kafin ta tafi.

Ta fara bin bango da hannu in za ta je madafa.

Ya Allah, ka bar mata abin da ya rage har in gama. Ban taɓa roƙonka jinkiri a kan hukuncinka ba. Wannan kaɗai.

Litinin, 25 ga Agusta

Tawadar ta yi kauri fiye da yadda aka saba. Ƙaro ne ya yi yawa. Layukan sun tashi sun yi tudu, har yatsa yana jin su. Malamina da ya gani da ya sa na wanke. Na bar su haka. Babu lokacin sakewa.

Tsakiyar allon ta yi faɗi da yawa a buɗe. Dole a san na wane ne.

Laraba, 27 ga Agusta

Na gama abin da za a gama.

Da hantsi na fito da tabarma tsakar gida, inda rana take, na kira ta. Na ɗora mata shi a cinya. Ta ɗaga shi har ya kusa taɓa fuskarta, tana juya kai a hankali don ta kama shi da gefen da ya rage mata. Ta ce, "Ja." Can ta ce, "Kore. Wannan fa? Ba a sa shuɗi ai." Na ce an sa a wannan.

Sai ta sauke shi, ta bi layukan da yatsa, daga ƙasa zuwa sama. Da ta kai kusurwar da na bari, yatsanta ya faɗa kan santsi, ya tsaya. Na fara yi mata bayani. Ta ce, "Na gane, Malam. Nan ya tsaya."

Ta gangaro tsakiya. Ta ji tudun rubutu. Hajjo ta san baƙaƙe, na kuma tabbata yatsanta ya karanta kafin ta tambaya. Amma ta ce, "Me ka rubuta a nan?"

Na ce sunan mai allo.

Ta ce, "Karanta mini. Ba na gani."

Mai makantar ido yana da haƙƙi a karanta masa, wannan ba abin gardama ba ne. Na karanta. Muryata ba ta fita sosai ba. Ta ce, "Ban ji ba." Na sake. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kuma abin da ya zubo ban hana ba, domin ban ga dalilin hanawa ba. Muka zauna har inuwa ta same mu.

Najiba ta aiko tana tambaya ko za a kai allon wurin baje ayyukan ranar Asabar. Na ce a tambayi Hajjo. Hajjo ta ce za a kai, amma ba za a rataye ba, a hannunta zai zauna, kuma in an tambaye ta na wane ne, Malam yana kusa, shi zai faɗa. Ban ce zan je ba. Na dai sa an wanke mini farar rigata.

Ban canza komai ba. Haƙuri yana nan inda yake, addu'a tana nan inda take.

Ya Allah, ka ji ƙan Zainulabidin. Ka cika masa abin da ya rage na karatunsa a wurinka, kai ne Mai cikawa. Ka haskaka wa mahaifiyarsa zuciya gwargwadon abin da ka karɓa na idonta. Ka ji ƙan 'ya'yan Joda, da duk wanda aka zana hularsa ko takalminsa a wancan ɗaki. Wanda kuma ya karanta wannan bayan raina, Allah ya yi masa albarka, ya tsare shi daga irin wannan rashi. In kuwa an jarrabe shi, Allah ya ba shi haƙuri, ya ba shi wanda zai zauna kusa da shi. Kuma in zai yi mana addu'a, ya ambaci yaron da sunansa. Zainulabidin. Amin.